Ciwon Zuciya Bisa Rajista

Yau da safe na shafe awa huɗu a kan benci a Apia, babban birnin ƙasarmu, ina ƙoƙarin shawo kan hukuma cewa ubana ba shi ya haife ni ba. Na tafi da shaida, Gwaggo Fualaau, mai shekara tamanin da takwas, wadda da hannunta ta ɗauke ni ina ɗan wata shida ta kai ni gidan marigayi Talalelei riƙo. A ƙauyenmu wannan ba labari ba ne. Gida ya ba gida ɗa, wancan ma ya bayar. Talalelei da kansa ya ba ƙanwarsa ɗan cikinsa, Pesamino, maƙwabcina, wanda har gobe bai dawo mini da addata ba.

Abin da ya kai mu shi ne 'yar ƙanwata Sialei. Tana digiri na biyu a Auckland, can ƙasar waje, inda ake koya musu karanta jerin ƙwayoyin gado a kwamfuta, su gano ciwon da ke bin jini. Ciwon da ke bin jinin Talalelei kuwa na zuciya ne, ba ya sallama. Shi Talalelei ya faɗi matacce a gonar gwaza. Babban ɗansa ya faɗi a filin ƙwallo yana da shekara arba'in da ɗaya. Bara aka ɗebi yawun ƙauyen duka a 'yan kwalabe, yarinya ta yi wata tara tana duba haruffan ƙwayoyin gadon, ta rubuto wa Babban Kwamitin Kula da Jini da Takardu cewa lamba 27 ba ta da alamar ciwon, lamba 41 ce ke da ita. Dokar makaranta ta hana ta faɗin suna. Da na tambaye ta a waya cewa ta yi, "Kawu, bakina a ɗaure yake. Amma ka gaishe mini da maƙwabcinka, ka ce ya rage hawa bishiyar kwakwa."

Nan na gane ni ne 27, Pesamino ne 41. Kwamiti, Allah ya ƙara masa basira, ya aika takardar ganin likitan zuciya ga 'ya'yan Talalelei kamar yadda rajista ta nuna. Ni na samu. Pesamino bai samu ba. Likitan kuma baƙo ne, yau da yamma zai hau jirgi, sai baɗi.

Da aka kira mu, jami'in Kwamitin, Mai Girma Sarkin Hatimi, ya dube mu ta saman tabarau.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni ɗan riƙo ne. Pesamino, wancan da ke tsaye a bakin ƙofa, shi ne ɗan jini."

"Rajista ta ce kai ne."

"Binciken ɗalibar fa?"

"Binciken ɗaliba ba ya zama gaskiya sai an ba shi maki. Za a ba shi maki a watan Yuni."

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. "Kai yaro, ina wurin aka yanke cibiyar su biyun. Kai ma na san wadda ta haife ka, kuma ba ita ce ke yi maka wanki ba."

Yallaɓai ya yi tari, ya ce Gwaggo tana da cikakkiyar dama ta rubuto wannan bayani, kwafi uku, tare da sa hannun mahaifin. Na tuna masa mahaifin ya rasu. Ya ce to, a haɗa da dalilin da ya hana shi sa hannu.

Dole a yaba wa mutanen nan. An gina musu ɗaki mai sanyi, an sa na'urar da ke karanta jinin mutum ɗari a yini, an yanka aladu goma sha biyu ranar buɗe shi, amma ba su bari duk wannan ya ruɗe su sun saki rajista ba.

A waje na ga Pesamino zaune a gindin mangwaro yana haki, alhali matakala shida kawai ya sauko. Gaskiya tsoro ya kama ni. Tun muna tsirara muke tare, kuma na riga na ɗauki gawa biyu daga gidan nan. Na tura masa takardata ta ganin likita, mai ɗauke da sunana.

"Daga yanzu sunanka Uelese."

"Ni? Da wannan mummunan sunan?"

"Shiga, ɗan banza, kafin likita ya ɗaure jakarsa."

Ya shiga. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya duba hoton, ya daina murmushi. Ya rubuta masa magani na kullum, ya ce da an ƙara shekara guda da sai dai labari. Pesamino ya fito idonsa ja, ya rungume ni a gaban jama'a, abin da bai yi ba ko ranar aurena.

A nan ne na ga aikin hukuma da sauri, karo na farko a rayuwata. Kafin mu kai tasha, saƙo ya shigo wayata: an tabbatar Uelese na da ciwon zuciya mai tsanani, don haka an dakatar da lasisinsa na tuƙa bas daga yau, saboda lafiyar fasinjoji. Shekara ashirin da shida ina tuƙa bas ɗin nan. Na koma da gudu, aka ce in jira Yuni.

Bas dai ba za ta kwanta ba, yara na da makaranta. Kuma mutum ɗaya ne kacal a ƙauyenmu ke da lasisi ban da ni. Saboda haka in kun hau gobe kuka ga Pesamino a sitiyari, ku kwantar da hankalinku, hukuma ta tabbatar lafiyarsa ƙalau. Ni, majinyacin, ina kujerar kusa da shi, ina riƙe da birkin hannu.