Rasuwar Dattijuwa, Motar Injiniya

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, nake sanar da dangi da maƙwabta da duk wanda ya taɓa ba mu hanya a titi rasuwar Dattijuwa, baƙar motar gidan Injiniya. Ta cika ranar Talatar makon jiya, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan hawan da ke bayan gadar jirgin ƙasa, tana da shekara ashirin da huɗu. Ni ne direbanta. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da sitiyarinta, kuma a hannuna ta cika. Maigida ne ya ce in rubuta wannan sanarwa, tunda shi ido ya ƙi. Ya ce kada in yi mata ƙarya, ko da ta yabo ce. Ba zan yi ba.

Marigayiya motar manya ce a zamaninta. Doguwa ce, mai faɗin ƙirji, fitilunta manya, zagayayyu, suna kallon mutum kai tsaye. Ƙofarta in ka rufe sau ɗaya take cewa "dum", magana ta ƙare. Allon gabanta katako ne na gaske, har ya yi duhu a inda hannu ke yawan taɓawa. Kowane maɓalli a jikinta aikinsa ɗaya, kuma inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau. Na rediyo yana da kaushi a gefe, na sanyi sumul yake, na gilashi yana da 'yar tsaga a tsakiya. Da safe in na murɗa makulli sai ta yi tari biyu, "gyaf, gyaf", kamar dattijon da ke shirin yin magana, sannan ta kama gurnaninta mai kauri, wanda har a ƙashin baya kake jin sa.

Tana da laifuffukanta. Mai take sha ba tausayi. Gilashin baya na hagu ya yi shekara bakwai bai sauka ba. Agogonta kullum yana gaba da minti shida, mun gyara mun gaji, muka koma cire shidan a kai. Amma ba ta taɓa nuna abin da ba ita ba, kuma ban san mutane da yawa da zan faɗi haka a kansu ba.

A cikinta na koyi karatu. Ban wuce aji uku ba, amma aikin direba rabinsa jira ne. Wasu suna kashe jiran da barci da gulmar iyayen gidansu. Ni na kashe nawa da littafin da aka sayo ta da shi, da ƙamus a kan cinya, har na san kowace jijiya a jikinta da sunanta.

Babban aikinta kuwa ba ɗaukar mutane ba ne. Maigida injiniyan hanya ne, rabin titunan da muke bi shi ya tsaya a rana aka shimfiɗa su. Shekara tara ke nan da ciwon suga ya tafi da idonsa. Ya shige ɗaki ya tura ƙofa, wata huɗu ba ya fita sai asibiti, ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Wata rana muna dawowa daga wurin likita, yana gaba kusa da ni, taya ta taka wani abu ta ce "dugum". Sai na ji ya ce, "Dogo, kwalbatin makarantar 'yan mata." Ban faɗa masa inda muke ba. Muka ƙara gaba, kwalta ta sauya murya, ya ce, "Nan aka fara sabon shimfiɗi, tsakuwar ta fi girma." Da muka hau gada, ƙarfen mahaɗinta ya ce "tak-tak, tak-tak", sai ya yi dariya, karo na farko cikin wata huɗu.

Tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu muna hanya. Shi ne a gaba, hannunsa a kan maɓallin rediyo, yana kiran hanya wuri bayan wuri, yana zagin 'yan kwangila. "Ka ji wannan facin? Ba aikina ba ne. Wani marar kunya ne ya lulluɓe rami bai daɓe ƙasa ba." Doka ɗaya ce tsakaninmu, ba mu taɓa furta ta ba: ba na riga shi faɗin inda muke. Ko ya yi kuskure shiru nake yi har ya gyara da kansa. Dattijuwa ba ta ɓoye masa hanya. Abin da taya ta taka, shi take kai masa ta kujera. Awa ɗaya a kowace rana ba makaho ba ne, injiniya ne ya fito duba aiki.

Yanzu sai maganar jinya, kuma a nan dole in tona kaina. Ciwon ya fara bara, da allurar zafin inji da ke ɗan haurawa a kan hawa. Maigida ya riga ni ji. Ya ce, "Dogo, tana tafasa." Na kai ta wurin bakanikenta, wanda ya san ta tun tana sabuwa. Ya ce gaskit ne, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, sai an buɗe inji, kuma neman kayanta zai ci makonni. To, 'yar autar maigida, wadda muke kira Lauya, ita ke riƙe da gidan yanzu, kuma tun ranar da birki ya taɓa ba mu tsoro ta yanke hukunci: in motar nan ta sake kwana a gareji, ta bar gidan ke nan. Maigida ya kama hannuna ya ce, "Kada Auta ta ji." Na ce to. Bakanike ma ya ce to.

Haka mu uku, ba yaro a cikinmu, muka haɗa baki muka ɓoye ciwo. Na cika but, ma'ajiyar kaya ta baya, da jarkokin ruwa. Kullum sai mu tsaya a gindin wata bishiya kafin hawa, in buɗe bonet ta huce, in ba ta ruwa. In Lauya ta bugo waya, maigida ya ce, "Iska muke sha, Auta." Ni da nake tsare direbobin layinmu ina yi musu faɗa a kan ƙarya, ni ne na yi wata goma sha ɗaya ina yin ta kowace yamma. Bakanike ya faɗa mini daga baya, ido cikin ido, cewa da mun kwantar da ita tun farko da yanzu tana nan. Tsoron rabuwa da ita ne ya kashe ta. Duk mai ɓoye ciwon abin da yake so, ya karanta wannan sau biyu.

Ranar Talatar, allura ta shiga ja tun muna tsakiyar hawa. Ya kamata in tsaya. Maigida ya dafa allon gaba ya ce, "Daure, Dattijuwa, saura kaɗan." Na taka. Ta ce "ƙwas", sau ɗaya, farin hayaƙi ya rufe gilashi, sai shiru. Bai ɗauke hannunsa ba har injin ya yi sanyi. Da Lauya ta iso, ta buɗe but don ɗauko sandarsa, ta ga jarkoki shida a jere. Yarinyar da na kai makaranta a motar nan tun tana shan yatsa ta dube ni ta ce, "Kawu, har da kai?" Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ranar Juma'a aka kawo magajiyarta. Kamfani ɗaya ne, suna ɗaya, jika ce a wurinta, sai dai an sake mata fasali tun daga hanci har wutsiya. Muna kiran ta Baƙuwa. Zan faɗi abin da na gani, tunda maƙwabta sun dame ni da tambaya. Bakinta na gaba ya cinye rabin fuskarta, fitilun kuwa an matse su sun zama 'yan siraran layuka, kamar mai hararar mutane. Rufinta ya zube ta baya har dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Kyau kam tana da shi, irin kyan da ba ya gaishe ka. Hannun ƙofa an ɓoye shi cikin jikin ƙofar, sai ta ga dama ya fito. Maigida ya shafa ƙofar daga farko har ƙarshe yana nema, a gaban mai kawo motar da mutanen layi, har sai da na kama hannunsa na ɗora masa. Shekara tara ban taɓa buɗe masa ƙofa ba.

Ciki kuwa fata ce mai laushi, da ƙamshin da ke fitowa da kansa, da wasu fitilu a gefen ƙofofi masu sauya launi. Mai kawo motar ya tsaya yana lissafa wa makaho launukan, bai ji kunya ba. Katako babu, maɓalli babu, sai allon gilashi guda tun daga gabana har gabansa. Maigida ya miƙa hannu inda rediyo ya saba zama, yatsansa ya goga gilashin, sai kujera ta fara matsa masa baya. Ya zabura ya ce, "Wa ke taɓa ni?" Akwai kuma wata murya ta mace a ciki, mai yi mini gargaɗi in na matsa kusa da farin layin titi, ni da ban taɓa goga wa kowa fenti ba.

Ba zan zalunce ta ba. Birkinta ya fi na marigayiya nesa ba kusa ba. Tana nuna maka abin da ke bayanka, tana tsayawa da kanta in wani ya gifta. Lauya ba don alfahari ta sayo ta ba. Uba gare ta guda ɗaya, kuma ta ga jarkoki.

Muka fita gwaji da ƙarfe huɗu, mai kawo motar yana baya. Muka wuce kwalbatin makaranta, shiru. Muka zaga shataletale, muka hau gada, ina kallon ƙarfen mahaɗin yana shigewa ƙarƙashinmu, ko motsi babu. Gilashinta biyu ne a haɗe, ƙafafunta a kan iska suke, ta haɗiye hanyar gaba ɗaya. Muna kan hawan nan, daidai inda Dattijuwa ta cika, sai maigida ya juyo ya ce, "Dogo, me muke jira ne? Mu tafi mana." Mai kawo motar ya tafa hannu don murna ya ce, "Ka ji ko, ranka ya daɗe? Minti ashirin muna gudu ba ka sani ba!" Maigida ya mai da fuskarsa gaba. Sannan ya ce, "Mai da ni gida." Yau kwana shida bai fito ba. Ƙarfe huɗu na yi ina tsayawa a bakin ƙofarsa, ina jin sa a ciki, ba ya amsawa.

Marigayiya ta bar maigida, wanda ta yi wa ido shekara tara. Ta bar Lauya, wadda har yanzu akwai zanen biro ɗinta a bayan kujerata. Ta bar bakanike, da ni, da tayar ko-ta-kwana da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da kyanwar da ke kwana a kan bonet ɗinta saboda ɗumi, wadda ta shinshina Baƙuwa sau ɗaya ta bar garejin. Ta bar tabon baƙin mai a daɓe, na hana a wanke.

Shekaranjiya Lauya ta same ni a gareji da littafin Baƙuwa a hannu, mai kauri kamar bulo. Ta ce, "Kawu, ni fa tsoro nake ji kada wata rana a kira ni a waya." Na ce gaskiyarta ce. Ta ajiye mini littafin a cinya ta ce, "Kai ne mai karatu. Ka nemo mini babana a ciki."

Ga yadda za a yi rakiya. Za a tashi daga gida ranar Asabar da ƙarfe huɗu daidai, huɗu da minti shida a agogon marigayiya. Maigida ya yi magana ta bayan ƙofa, ya ce ba za a ɗora ta a kan janwe mai ɗaukar matattun motoci ba, da ƙafafunta za ta tafi. Bakanike zai ja ta da igiya a bayan motarsa, ni ina kan sitiyari, maigida yana gaba a wurinsa. Za a bi ta kwalbatin makaranta, da shataletale, da gada, da hawa, a hankali, har filin masu sayen tsofaffin ƙarafa. A can bakanike zai cire maɓallin rediyo ya ba shi. Ba a buƙatar jawabi, kuma kada kowa ya ce masa ai mota ce kawai.

Dawowa dole a Baƙuwa ne, Lauya za ta biyo mu da ita. Na samu a shafi na ɗari uku da sha biyu cewa akwai inda ake taɓawa ƙafafunta su yi tauri har a ji hanya. Na taɓa. Zan kashe muryar, zan sauke gilasai huɗu duka. Ban sani ba ko zai isa. In muka hau gada ya kira ta, to ranar Lahadi ƙarfe huɗu muna hanya. In bai kira ba, ni dai ba zan riga shi ba, zan zaga shataletale in sake hawa, har sai mai ya ƙare.

Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya danna ham a kan gada.

Sanarwa daga direbanta, a madadin iyali.