Yadda Rumbun Doka Ya Koyar da Sa Hannu

Duk ɗalibin lauya da Allah ya so da rahama, ofishin Rumbun Doka ake tura shi koyon aiki. Mutum ne da shaidar karatu goma sha huɗu ke rataye a bangonsa, uku daga ciki na taron yini ɗaya ne. Littattafai ɗari biyu da shida ke bayansa, kuma saboda tsabar girmama ilmi bai taɓa cire wa ko ɗaya leda ba.

Wata ɗaliba ce ta dace a bana. Cikin mako shida ta saurari lacca talatin da ɗaya, ta ɗauki rigar kotunsa sau tara. Aikin kuwa wurin tsohon akawun ofishin ta koya: inda ake buga hatimi, kwafi nawa ake yi, tagar da ake miƙa takarda.

Ranar wata Alhamis ta buɗe fayil ɗin wani mai walda da kotu ta ce ya tashi daga shagonsa. Kwana talatin aka ba shi ya ɗaukaka ƙara. Ta ƙirga da yatsa a kalanda, ta sake ƙirgawa. Yau ne na talatin, ofishin rajista na rufewa ƙarfe huɗu, takardar ɗaukaka ƙarar kuma ba sa hannu.

Ta shiga ta faɗa masa cikin ladabi. Rumbun Doka ya cire tabarau, ya dube ta da tausayi.

"Yarinya, ƙirga kwana aikin masu kiwon kaji ne. Ni da na shekara ashirin da bakwai a wannan fage, wa'adi ne ke jirana. Ki kawo Litinin, in na natsu."

Daga nan ya zarce da tarihin kalanda, minti arba'in da biyu. Ta fito idonta ya yi ja. Akawu ya karɓi takardar, ya ce ta biyo shi, kada ta yi magana.

"Ranka ya daɗe," in ji akawu da suka shiga wurin Rumbun Doka, "yarinyar nan za ta koma makaranta ba ta taɓa ganin sa hannun manya ba. Sa hannun yaran yanzu sai ka ce kaza ta yi tono."

Fuskar Rumbun Doka ta washe. Ya nemi alƙalaminsa na musamman, ya ce a ba shi kowace takarda ce. Akawu ya tura masa wadda ke kusa. Ya rattaba hannu, lanƙwasa goma sha ɗaya, kowace da bayaninta. Akawu ya ce kamar ba ta gane ba, a sake. Aka sake a kwafi na biyu, da na uku, da na huɗu.

Huɗu saura minti bakwai hatimin rajista ya sauka.

Washegari mai walda ya zo godiya. Rumbun Doka, wanda bai taɓa yarda ƙananan masu ƙara su gan shi ba, ya fito falo da kansa, ya gyara kwat, ya miƙa hannu. Mai walda ya gaishe shi sama-sama, ya wuce ya yi wa ɗaliba addu'a mai tsawo. Da zai fita ya waiwayo.

"Baba, kai ma shari'a ce ta kawo ka? Ka riƙe yarinyar nan. Mai ofishin dai an ce ba ya zuwa aiki."