Ranar da Na Buɗe Bokitin Tsutsar Siliki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na rasa haƙora, da ranar da na buɗe bokiti a gaban malamanmu.

Ina shekarar ƙarshe a sashen kemistiri a Birnin Kebbi, sai na zaɓi yin bincike a kan wata tsutsar ruwa mai saƙa zare kamar siliki. Da zaren nan take manna yashi da 'yan tsakuwa, ta gina wa kanta gida a cikin ruwa. Kowane gam ya ji ruwa sai ya saki, amma nata a ruwan yake kamawa, saboda sinadarin fosfet na jikin zaren yana haɗuwa da sinadarin kalsiyam ya riƙe tsam. Shi ya sa masana ke fatan kwaikwayonsa a yi gam ɗin liƙe rauni wajen tiyata. Na haddace wannan kamar karatun allo. Abu ɗaya ya rage: ban taɓa ganin tsutsar da idona ba.

Na tafi Argungu wurin Kawu Sani, yayan mahaifiyata, wanda ya yi furfura a kamun kifi. Na sa farar rigar ɗakin gwaji (wai don masunta su san wa ta zo). Na yi masa bayani kusan rabin awa, yana gyaran komarsa ta kamun kifi yana gyaɗa kai. Sai ya shiga inda ruwa ke gudu, ya ɗauko dutse ya juya, ya miƙo min. Wasu 'yan dunƙulen yashi ne a jiki, kamar guntun tsinke.

"Ga su nan, ɗiyata."

"Haba Kawu, wannan ai datti ne. Tsutsa nake nema."

Na hango wani ɗan kududdufi a gefen gonar shinkafa, cike da ƙananan tsutsotsi suna ta mutsu-mutsu. Na kwashe su cikin bokiti ina murna.

Kawu ya ce, "Waɗanga da kinka ɗiba, ba su na ba."

Na ce, "Kawu, ka bar mana wannan, mu muka karanta." (Wallahi haka na ce. Har yanzu in na tuna sai na rufe fuska.)

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Na huda murfin bokitin da allura don iska, na ajiye a lungun ɗakin gwaji. Na karanta cewa suna son duhu, don haka kwana shida ban buɗe ba, kada in dame su suna gini.

Ranar gabatarwa zaure ya cika: 'yan ajinmu, malamai, da wani farfesa baƙo mai farin gemu. Bayani ya yi min kyau, har aka tafa. Kaina ya fasu. Na ce, "Yanzu zan nuna muku injiniyoyin da kansu." Na ɗora bokiti a kan tebur, na ɗaga murfi.

Sauro ne ya tashi, buu, kamar hayaƙi.

Kukansu ya cika zaure. Can sai ji muka yi tas! Farfesa ya mari wuyansa. Ya dubi tafin hannunsa a natse, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, injiniyan naki ya cije ni."

Aka fashe da dariya, har wata ta zame daga kujera. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ce, "Ranka shi daɗe, wataƙila wani nau'in ne." Dariyar ta ƙaru. Na tsaya riƙe da murfi ina fifita, na tabbata shekarata ta tafi.

Da ya share hawayen dariya, farfesa ya ce kemistirina babu gyara, tsutsa ce kawai ban sani ba. Ya ba ni mako biyu in kawo ta gaskiya.

Na koma Argungu da atamfata. Kawu ya yi dariya har ya zauna a bakin jirginsa, sannan ya sake juyo dutse, ya saka dunƙulen yashi ɗaya a kwano da ruwa. Muka zuba ido. Sai ga ɗan kai baƙi ya leƙo, ga ƙafafu, gidan ya fara tafiya! Na yi ihu har matan da ke wanki suka waiwayo. Da tsutsar nan na ci jarrabawa, da maki mai kyau kuwa.

Tun daga nan, in dattijo ya miƙo min abu, hannu biyu nake sawa in karɓa kafin in buɗe baki. Kuma duk murfin da ban leƙa ni kaɗai ba, ba na ɗaga shi a gaban jama'a, ko da na tukunyar tuwo ne.