Gunki Na Uku a Bukkar Masunta

Kome zan manta a duniyar nan, ban da ranar da na zama gunki a gaban Turawa. Har yau in na tuna sai in ji tafin ƙafata ya yi sanyi.

Na daɗe a Makka. Aikin Hajji muka zo ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, muka zauna, kuma mun yi shekaru ba mu da igama, wato takardar zama. Wanda bai yi irin wannan zaman ba ba zai gane ba. Kana tafiya idonka na gaba, kunnenka na baya. In ka hango askar, wato ɗan sanda, ba ka gudu, sai ka saje da bango. A haka na haifi 'ya'yana, kuma abin da na fara koya musu bayan Fatiha shi ne, in aka kama ni a hanya ku wuce, ba ku san ni ba. Daga baya Allah ya kawo sauƙi muka samu takarda, ni da su duka.

Babban ɗana (Abba nake ce masa, sunan surukina gare shi) ya samu aiki a wani ɗan tsibiri cikin Bahar Maliya, inda aka gina masaukin 'yan yawon buɗe ido. Aikinsa shi ne ya zaga da baƙi yana ba su tarihin wurin. Gwaji aka ɗauke shi. In ya ci a tabbatar da shi, in bai ci ba ya dawo dakon jakunkunan alhazai a Kudai, aikin da ya fara lanƙwasa masa baya. Duk hutun da ya zo gida unguwarmu Ka'akiyya sai ya tsaya a tsakar ɗaki yana maimaita bayanin, ni ina gyaran lalo, har na haddace shi tsaf.

Da gwajin ya zo ƙarshe aka ce kowane ma'aikaci ya kawo nasa su ga wuri. Ranar kuma mudir, wato shugaban masaukin, zai bi Abba zagaye ya yanke hukunci.

Na faɗa wa maƙwabciyata Hajiya Gambo, mai sayar da lalle a Aziziyya. Ta ajiye kofin shayinta.

"Tsibiri, Maman Abba? Ruwa gaba, ruwa baya? Ko ɓera ba ya shiga ɗakin da ba rami."

"Ai ina da igama, Hajiya."

"Tsautsayi yana karanta igama ne? Ni dai ƙanwata da aka yi tarhil da ita, aka mayar da ita gida, cewa ta yi abu uku ne. A karɓi takardarki, a ɗaura miki alama a hannu, a ce ki zauna mota na zuwa." Ta kwashe da dariya. "Wasa nake, je ki sha iska. Ki taho mana da kifi."

Ita ta yi wasanta ta manta. Ni na ƙulle shi a bakin mayafi na tafi da shi.

Ba sai na ba ku labarin jirgin ruwa ba. Ni da babban ruwan garinmu kududdufin bayan kasuwa ne. Aka sa mini wata riga mai kumburi a kan abaya, na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji ƙasa. Abba ya kai ni wani babban zaure mai sanyi, yana ta duban agogo.

"Ummi, zauna nan, za su kai ki gurfa ki huta. Mudir yana jira na." (Gurfa wai ɗaki. Hausarsa kenan, rabi da rabi, kamar shayi da madara.)

Yana fita wani mai fararen kaya da igiyoyi a kafaɗa ya tsaya a kaina. "Igama, ya hajja." Na miƙa. Ya shige da ita wani ɗaki ya rufo ƙofa. Ban gama haɗiye yawu ba wani ya kama hannuna ya ɗaura mini wata shuɗiyar roba, ya datse. Na ja, ba ta fita. Akwai rubutu a jiki, amma karatuna na yaƙi da jahilci ne, bai kai nan ba. Sai ya yi murmushi ya ce in zauna, mota na zuwa.

Uku sun cika.

Ba kaina na fara tunawa ba, Abba na tuna. Na ce in dai ni aka gano wani aibu a takardata, to shi ma za a bi ta kansa, ga aiki ya zo hannu. Ban yi gudu ba. Na miƙe a hankali kamar mai neman wurin alwala, na bi jikin bango, na fita ta ƙofar baya. Ƙafafun nan sun san aikinsu.

To amma ina za ni? Na bi wata siririyar hanya cikin yashi, ruwa ya tare ni. Na juya, ruwa. Maganar Hajiya Gambo ta dawo mini daram. Can na hango wata tsohuwar bukka ta dutse da ganyen dabino, na faɗa ciki. Na kusa sakin fitsari, don mutum biyu na tarar a zaune. Sai da idona ya saba da duhu na gane gumaka ne, irin na nuni: tsoho mai ninƙaya da kwando a wuya, da tsohuwa cikin baƙaƙen kaya tana ɗinkin komar kamun kifi.

Sai ga muryoyi suna matsowa. Babu taga, babu gado balle in shige ƙarƙashi. Na dubi tsohuwar nan, na dubi kaina. Baƙi da baƙi. Na zauna kusa da ita, na gyara niƙabi, na ja bakin komar na ɗora a cinya, na sandare.

Wa zai shigo? Abba, da Turawa a bayansa, da wasu Larabawa, da wani dattijo mai farin gemu riƙe da carbi, wanda ko ba a faɗa ba na san shi ne mudir.

Yaron nan ya fara, da Larabci sannan da Turanci, murya tar. Yadda mutanen da suke nitsewa ƙarƙashin ruwa neman lu'ulu'u da numfashi ɗaya. Yadda sana'ar ta mutu, mutane suka watse, tsibirin ya koma na tsuntsaye da kunkuru. Yadda masunta suka fara ɗauko samari a kwalekwale su zo su gasa kifi su koma, har labari ya kai kunnen masu kuɗi, aka zo aka kafa injin tace ruwa, aka gina ɗakuna. Ina biye da shi a zuci kamar mai bin liman. Gumi na bin bayana, wani ƙuda ya sauka a girata yana yawo, ban ƙifta ba. A nan na lura duk Turawan nan da shuɗiyar roba a hannunsu. (Maimakon in gane, sai na ce a raina, ikon Allah, har su ake kwashewa.)

"Waɗannan gumaka guda biyu kuwa..." in ji Abba, ya juyo. Idonsa ya sauka ƙasa.

Takalmina yake kallo. Shi ya saya mini da albashinsa na farko.

Wata Baturiya mai faffaɗar hula ta riga ta durƙusa a gabana tana ɗaukar hoto, har tana shafa hannuna tana jinjina kai. Abba ya sunkuyo kamar zai gyara koma.

"Ummi? Ke ce?"

Ni kuma cikin raɗa, yadda na koya masa tun yana rarrafe, na ce, "Wuce. Ba ka san ni ba."

Gunki ya yi magana. Baiwar Allah nan ta zabura da baya, ta bangaji tsoho mai ninƙaya, kansa ya cire ya gangara har gaban mudir ya tsaya. Mudir ya dubi kan, ya dube ni, ya tambayi Abba wace ce wannan.

Na runtse ido ina roƙon Allah ya sa yaron nan ya bi tarbiyya. Bai bi ba.

"Mahaifiyata ce," ya ce. Ya janye komar daga cinyata, ya kama hannuna ya tashe ni. Sannan ya gaya wa mutumin gaskiya a gaban kowa, shekarun da muka yi muna saje da bango, da abin da robar nan ta tuna mini.

Mudir ya matso kusa da ni. Ya ɗaga nasa hannun rigar, ya nuna mini irin robar. Ashe mabuɗin ɗaki ce, da ita kuma ake cin abinci. Ya ce, "Ya hajja, a nan ba ma mayar da kowa gida sai ya ƙoshi." Ya juya ga Abba ya ce ya ɗauki kan tsohon nan ya ƙarasa bayaninsa. Haka ɗana ya gama tarihin tsibiri rungume da kan gunki, ni kuma ina tsaye a gefe Turawa na layin ɗaukar hoto da ni. A zaure na tarar da igamata a kan faranti, da dabino da gahawa, ga 'yar motar da za ta kai ni ɗaki tana ta jira.

Ba a tabbatar da shi ranar ba. An ƙara masa wata guda na gwaji, watan da ban yi barcin kirki ba. Bayan nan aka ba shi aikin. Shi ya liƙa kan tsohon da hannunsa, ya ce har yanzu a ɗan karkace yake.

Hajiya Gambo kuwa, ban san wa ya kai mata ba. Ina sauka Ka'akiyya ta leƙo ta taga. "Sannu da zuwa, Hajiya Gunki. Ina kifina?" Sunan ya bi ni har gidan biki.

Abin da na koya shi ne, igama jaka take shiga, ba ta shiga ƙafa. In kuma ɓuya ta kama ki dole, kada ki yi ta da takalmin da ɗanki ya saya miki.