Kan Injin Malam Tanimu

A wata unguwa a Gusau an yi wani Malam Tanimu mai akwalar mota, yana ji da ita kamar 'yar fari. Motar nan ba ta taɓa kai shi kasuwa a tashi ɗaya ba. Da an ɗan taɓa tafiya sai ta ɗau zafi, ruwan lagireto ya hau tafasa, a fito da jarka ana yi mata ɗura. Da ta gaji ta kwanta ɗungurungum, bakanike ya kwance kan injin, Tanimu ya ɓoye shi a ƙarƙashin gado, wai sai ya samu sarari a gyara. Kullum sai ya jawo shi ya goge, yana yi wa matarsa Delu karatu: wannan alminiyam ne zalla, da shi ake ƙera jirgin sama, ba nauyi, ba tsatsa, ga saurin ɗaukar zafi, kuma ko sau nawa aka narka shi ba ya lalacewa. Ita dai Delu sai ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da fama da tukunyarta mai yoyo.

Ranar sunan jikansu, Tanimu ya ci shinkafa har ya sassauta mazagi, baki ya buɗe, ya rantse wa baƙi cewa bana da motar nan za shi Idi. Ya shiga ɗaki zai ɗauko musu kan injin su gani. Ya leƙa ƙarƙashin gado, wayam! Da ya fito tsakar gida, sai ga wata ƙatuwar sabuwar tukunya tana sheƙi a kan murhu. Ya juya wajen Delu.

"Delu, ina kika samo wannan?"

"Wajen masu zubin tukwane, Malam. Ba kai ka ce ko an narka shi ba ya lalacewa ba? Wallahi gaskiyarka, nan da nan take ɗaukar wuta."

Tanimu ya dafe kai kamar zai yi kuka. "Ƙarfen jirgin sama! Kin raba motata da aikinta, kin mayar min da ita tukunya!"

Delu ta ɗaga murfi, tururi ya tashi, ta ce, "Haba Malam, wane aiki na raba ta da shi? Tun da ka sayo ta ruwa take tafasawa. Ni shinkafa kawai na zuba."