Allurar Rufin Gida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Mama asibiti a Greensboro ta Amurka ba, ina tafinta. Mama na fama da ciwon sanyin gaɓoɓi, irin wanda ke kumbura yatsu har riƙe kofi ya gagara, kuma likita zai canza mata magani. Ni kuwa hankalina yana unguwar Irving Park, inda na baro rufin wani Bature a buɗe, ga hadari ya haɗo. (Aikin rufi nake yi, kuma falle-fallen da muke jerawa a kan gida sunansu shingles. Ku riƙe wannan.)

Na kasa zama. In leƙa taga, in duba waya, in dawo. Nas ta shigo tana tambayoyi, ina amsawa tun kafin ta rufe baki. Sai ta ce, "An yi wa Mama na shingles?"

Na ce, "Tuni! Bara."

"A ina?"

"A gida. Ni na yi da hannuna, ni da abokaina biyu."

Ta ɗago kai a hankali. Na ɗauka burge ta na yi, sai na ƙara da cewa ko ɗigo bai taɓa zubowa ba.

Baiwar Allah ta ajiye biro ta yi min bayani. Ashe shingles ɗin da take nufi wata cuta ce, ƙuraje masu raɗaɗi kamar wuta, daga ƙwayar ƙarambau da ke kwance a jiki tun yarinta. Sabon maganin yana rage garkuwar jiki, shi ya sa suke son a yi wa masu irin ciwon Mama rigakafi tukuna. Da ta yarda da ni, da Mama ta fara maganin ba kariya. Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya.

Mama ta taɓo ni. "Kai, me ka ce mata take kallonka haka?"

Dole na fassara, har da abokaina biyu. Ta yi dariya har da hawaye, ta miƙa hannu aka yi mata allurar.

Har yau in aka fara ruwa sai ta kira ni: "Likita, allurarka ba ta yoyo dai ko?" Ni kuwa yanzu ko sunana aka tambaya a asibiti, sai in ce, "Wanne kike nufi?"