Injiniyan Rabin Wuta

A zamanin soja, lokacin da kowa ke ɗaure ciki, ni dillalin rediyo ne da janareto a Makarfi, sai na ƙara da kwamfuta ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita. Ta farko na sayar wa Madam Rifkatu, tsohuwar malamar firamare da ta zuba kuɗin sallamarta kaf ta buɗe shagon buga takardu.

Ba a jima ba ta aiko cewa kwamfuta ta ƙi tashi. Na tarar wutar gari ta yi rauni, ƙwan fitila ja kamar garwashi. Na leƙa bayan akwatin, wurin ɗan injin da ke raba wa kwamfuta wuta, na ga wani jan maɓalli, gefe ɗaya 230, ɗayan 115.

Na ce, "Madam, rabin wuta ake ba mu, to mu ma mu nemi rabi." Na tura shi zuwa 115 da makullin babur.

Wallahi sai ta tashi! Maƙwabta suka taru, Madam ta kawo zoɓo. Ina cikin yi musu bayanin kimiyya sai ƙwan ya haske fau, cikakkiyar wuta ta dawo. Muka ji fas! Hayaƙi ya turnuƙe shagon.

Madam ta ce, "Alhaji, wannan ma cikin gyaran ne?"

Allah ya taimake ni injin kaɗai ya ƙone. Na tafi Kano na sayo mata wani daga aljihuna.

Har yau in wuta ta yi rauni, telolin unguwarmu kan leƙo shagona su ce, "Injiniya, an kawo taka, ko mu ɗebo ruwa tukuna?"